Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Sadarwa Ta Ƙasa, Dakta Aminu Maida: Ga Turke A Tsaye, Sabis Babu



 Na zaɓi in rubuto maka wannan wasiƙa a fili, kuma da Hausa, domin mutanen da maganar ta shafa su ji abin da aka faɗa a madadinsu, ko da wani ne zai karanta musu a dandali. Na san ba sai an nemo maka tafinta ba. Kai ɗan Katsina ne, kuma a gidan ɗan jarida ka tashi. Allah ya jiƙan mahaifinka Malam Wada Maida. Saboda haka ba zan yi ta kwana-kwana ba.

Ranar 20 ga Janairun 2025 hukumarka ta NCC ta yarje wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da na saƙo har zuwa kashi 50 cikin 100. An kawo hujja, kuma hujjar ba ta banza ba ce. Tun 2013 farashin yake a tsaye, alhali an janye tallafin mai a 2023, naira ta faɗi warwas, kayan aikin kuwa da dala ake sayo su. Kamfanonin ninki suka nema, kuka tsaya a rabi, tare da sharaɗin cewa za a ga gyara a aikinsu. Ƙungiyar ƙwadago ta tayar da jijiyar wuya, jama'a suka yi ta guna-guni, daga baya kowa ya haɗiye ya biya. Bayan 'yan watanni kai da kanka ka shaida wa ƙasa cewa kamfanonin sun yi odar sababbin kayan aiki na sama da dala biliyan 1.

Ban musa ba. Wanda ke zaune a Abuja ko tsakiyar Kano ko Kaduna zai iya cewa ya ga canji a wasu unguwanni. Sai dai ƙarin kuɗin nan ba a raba shi gida biyu ba, aka ce ga na birni ga na ƙauye. Katin naira 100 da mai ƙuli-ƙuli ta sa a ƙauye yana ƙarewa daidai da yadda na ɗan kasuwar Kantin Kwari yake ƙarewa. Ita ma ta biya nata rabon na gyaran. Abin da na zo roƙo a madadinta guda ɗaya ne, sauran duk rassansa ne: a daina auna sabis da yawan ƙarafunan da aka kafa, a koma auna shi da ko kira yana shiga, mazaɓa-mazaɓa, da rana da kuma tsakar dare.

Bari in kwatanta maka abin da nake nufi. A garinmu, can yammacin Katsina, akwai turken sabis a bakin gari. Duk wanda ya doso mu shi yake fara hangowa. An zagaye shi da shingen ƙarfe, ga ɗan ɗakin mai gadi, ga tankin man gas, ga janareto a cikin akwatinsa. Mutanen garin ba sa duba fuskar waya don su san ko akwai sabis. Kunne suke kasawa. In aka ji rurin janareto, yaro ne zai sheƙa gida yana cewa, “Inna, ɗauko wayarki, ya kawo!” Nan take gari ya ɗauki kira, kowa na sauri ya faɗi abin da ya tara kafin injin ya yi tari ya mutu. In man ya ƙare, sai ranar da direban tanka ya ga hanya ta yi kyau ya yarda ya shigo, kuma ban ga laifinsa ba, shi ma da iyalinsa. An taɓa kwashe batiran wurin da dare, aka daɗe ba a mayar ba. Kwanakin da turken yake shiru sun fi waɗanda yake aiki, amma duk wata taswira da za a zana, garinmu yana cikin wuraren da sabis ya kai.

In turken ya yi shiru, akwai wani dutse gabas da gari inda ake samun ɗigo ɗaya ko biyu daga turken wani gari. Da la'asar za ka iske mutane a kansa kamar ana rabon taki, kowa ya ɗaga waya sama yana juyawa, in ta kama sai ya daskare a wurin, ko wuyansa ba ya motsawa. Dattijon da gwiwa ta hana shi hawa yana ƙasa yana ɗaga murya, jikansa na sama yana maimaitawa cikin waya. Matar aure ba za ta hau dutse cikin maza ba, sai dai ta naɗi muryarta a gida, ta ba ƙaninta ya je ya tura wa mijinta da ke ci-rani a Legas ko Fatakwal. Maganar ciwo, maganar bashi, maganar da ko surukarta ba ta so ta ji, duk sai ta bi ta hannun yaro. Da magariba ta kawo jiki kuma kowa yake sauka, domin babu mai hankalin da zai kai dare a bayan gari a wannan zamani. Ke nan daidai lokacin da aka fi bukatar waya, lokacin da naƙuda ke tashi ko aka ji ƙarar babura daga daji, shi ne lokacin da babu ita sam.

Ranka ya daɗe, kai injiniya ne, ka fi ni sanin cewa turke ba ƙarfe kaɗai ba ne. Abu uku yake bukata kafin ya yi magana: wuta, da hanyar da za ta haɗa shi da uwar na'ura, da mutumin da zai riƙa leƙa shi. Wutar gwamnati ba ta kai yawancin wuraren nan ba, inda ta kai ma ba a dogara da ita, shi ya sa masu harkar suke cewa suna ƙona man gas kusan lita miliyan 40 kowane wata. Hanyar haɗin kuwa ko dai wayar faiba ce da ake binnewa a ƙasa, ko farin gangan nan da ake ɗaurawa a wuyan turke yana kallon wani turken. A karkara galibi na biyun ne, wannan ya miƙa wa wancan, wancan ya miƙa gaba. In na tsakiya ya mutu, duk na bayansa sun mutu tare da shi, ko da tankunansu cike suke. Faibar ma ba ta tsira ba: hukumarka ta ce a 2024 an katse ta fiye da sau 50,000, kusan 30,000 daga ciki a wajen aikin titi.

Wani abin da talaka bai sani ba shi ne, turken da yake gani ba lalle na kamfanin layinsa ba ne. Tun 2014 manyan kamfanonin waya suka sayar da dubban turakunsu ga kamfanonin da sana'arsu ke nan, irin su IHS da American Tower, suka koma 'yan haya. Mai layi ya biya kamfanin waya, kamfanin waya ya biya mai turke, mai turke ya ba ɗan kwangila kai mai da gadi. In sabis ya ɗauke, kowa yana da wanda zai nuna da yatsa. Ofis ɗaya ne a ƙasar nan da kamfanin waya da mai turke suke ƙarƙashin lasisinsa, kuma kai ne kake zaune a kujerarsa.

Ba na tsammanin ɗan kasuwa ya kai jarinsa inda ba zai mayar ba. Turken da ke hidima ga manoma masu sa katin 200 a mako ba zai taɓa yin gogayya da na Wuse a Abuja ba. Waɗanda suka tsara Dokar Sadarwa ta 2003 sun hango haka, shi ya sa suka kafa asusun USPF, wanda ake zuba masa wani kaso daga harajin shekara da kamfanoni ke biyan hukumarka, domin a kai sabis inda riba ba za ta kai shi ba. Asusun ya yi aiki. Binciken 2013 ya gano yankuna 207 da ba su da sabis, masu mutane kusan miliyan 37. Zuwa 2022 aka ce sun ragu zuwa 97. Wannan ci gaba ne, kuma wanda ya tuna zamanin da layukan NITEL ba su kai rabin miliyan ba a faɗin ƙasa, kafin gwanjon lasisin GSM na Janairun 2001, ba zai raina shi ba.

Amma lissafin nan na waɗanda sabis bai taɓa kai wa ba ne. Akwai wani rukuni na uku da ba ya cikin masu shi, ba ya cikin marasa shi: garuruwan da suka samu, suka saba, suka gina rayuwarsu a kai, sannan ya kuɓuce musu. Su ne suka fi shiga uku, domin a takarda an gama da su. Ba za a sa su a sabon shiri ba tunda suna da turke, kamfani kuma ba zai kashe kuɗin inganta wurin da ma'aikacinsa ke tsoron zuwa ba. Daidai suke da garin da aka haƙa wa rijiyar burtsatse, aka kafa allo, famfon ya lalace a wata na uku, amma duk shekara ana tsallake su a rabon rijiyoyi saboda allon yana nan. Jerin sunayen waɗannan garuruwa nake roƙon ka fitar. Bayanan suna nan, domin babu turken da zai mutu ba tare da an gani a allon kamfani a daidai wannan minti ba. A faɗa mana turaku nawa ne a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kebbi da Neja da Kaduna da Borno da Yobe suka yi wata guda ko fiye ba su aiki, a wace mazaɓa, kuma me ya kashe su.

Wannan ya kawo ni kan 2021, shekarar da ba mu manta ba. Ba kai ne a kujerar ba a lokacin, amma hukuma ba ta canza suna don an canza shugaba. Ranar 3 ga Satumba aka umarci kamfanoni su rufe sabis a jihar Zamfara baki ɗaya, bisa roƙon gwamnatin jihar, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai musu rahoto. Makonni biyu aka ce da farko. Kafin a ankara abin ya haɗa da ƙananan hukumomi 13 a Katsina, ciki har da Funtuwa da Faskari da Ƙanƙara da Batsari da Jibiya, sannan 14 a Sakkwato, sannan wasu sassan Kaduna. Mutanen Gusau suka riƙa shiga mota zuwa Funtuwa don kawai su yi kira ɗaya. Da aka rufe Funtuwa sai aka miƙa zuwa Zariya. An koma rubuta wasiƙa ana ba direbobin tasha. An yi rasuwa an yi jana'iza 'ya'yan mamaci ba su ji ba sai bayan sadakar uku. Masu POS suka rufe rumfuna. Aka ɗauki watanni a haka a wurare da dama.

Da yawa daga cikinmu mun goyi bayan matakin a farkonsa, domin wanda wuta ta kewaye ba ya zaɓen ƙofa. Sai dai labarai sun yi ta fitowa cewa ɓarayin sun koma amfani da layukan Nijar da wayoyin oba-oba, alhali ƙauyen da aka kai wa hari ba shi da hanyar kiran soja ko gaya wa maƙwabta su gudu. An taɓa yin irin wannan a Borno da Yobe da Adamawa a 2013, lokacin dokar ta-ɓaci. Sau biyu ke nan, kuma har yau ba a tsaya gaban jama'a an ce ga abin da rufewar ta haifar, ga rayukan da ta ceta, ga asarar da ta jawo ba. Mutanen da aka yanke wa magana na tsawon watanni sun cancanci wannan bayani. Sannan da aka ce an buɗe, ba ko'ina ne ya dawo ba. Turken da aka bari ba mai, ba mai gadi, wata da watanni, ba a iske shi yadda aka bar shi ba. Ina roƙon hukumarka ta tsara ƙa'ida a rubuce: in har wata rana dole ta sa a sake rufewa, a san wa ke da ikon ba da umarni, kwana nawa ne iyaka, wa zai duba ko tana amfani, kuma wa zai ɗauki nauyin tayar da turakun bayan an gama.

Ka duba kuma garuruwan bakin iyaka, daga Kamba zuwa Illela, daga Jibiya zuwa Maigatari. A ƙauyuka da yawa na wannan layi, sabis ɗin da ya fi ƙarfi daga tsallake yake zuwa, mutane kuma suna riƙe da layukan Nijar saboda su ne suke kamawa. Mu da mutanen Maraɗi da Damagaram da Ƙonni uwa ɗaya uba ɗaya muke, ba wannan ne abin damuwa ba. Abin damuwar shi ne ɗan Najeriya yana zaune a ƙasarsa, in zai kira ɗan'uwansa a Katsina sai ya biya kuɗin kiran ƙasar waje, lambar sirrin da banki ke turowa ba za ta same shi ba, lambar gaggawa ta 112 kuma ba za ta kai shi ga jami'an ƙasarsa ba. An sha wahalar haɗa layi da lambar NIN tun Disambar 2020, tsofaffi suka kwana a layi, aka rufe miliyoyin layuka a 2024, duk da sunan tsaro. To, ina amfanin wannan wahala a yankin da rashin sabis ya tura kowa ga layin da ba ya cikin rajistarmu?

Abin da ya ƙara wa maganar nauyi shi ne gwamnati da kanta ta mayar da waya ƙofar shiga kusan komai. Yaron da zai rubuta JAMB sai ya tura saƙo zuwa 55019 ya jira amsa. Tallafin da ake rabawa ta asusu yake zuwa. A farkon 2023, da aka canza fasalin naira takardun kuɗi suka ɓace, an ce kowa ya koma tiransifa. Na tsaya a wata kasuwar hatsi ranar da take ci, na ga manomi ya sayar da buhunan masararsa, mai saye ya nuna masa waya cewa kuɗi sun fita, shi kuwa tasa wayar shiru. Mai POS ya ɗaga na'urarsa sama ya zagaya rumfa, ya hau kan buhu, ya sauko, na'urar tana ta juyi. An riga an loda kaya a mota, direba na ta oda, manomin ya riƙe ƙofar mota ya ce ba inda za ta. Ba maƙaryaci a cikinsu, amma saura kaɗan a ba hammata iska, sai da sarkin kasuwa ya sa aka sauke buhunan aka jira har bayan la'asar. Ranar kasuwa mutane dubbai ne ke taruwa a ƙarƙashin turken da aka yi wa 'yan ɗaruruwa, ga sanduna cike a fuskar waya amma kira ba ya fita. Wannan ma a taswira sabis ne.

Har zaɓe abin ya taɓa. A Yulin 2021, lokacin muhawarar tura sakamako ta na'ura, jami'an hukumarka sun gaya wa Majalisar Wakilai cewa kusan rabin rumfunan zaɓen da aka bincika ne kawai suke da 3G. Duk wanda ya san ƙasar nan ya san a ina ɗaya rabin yake.

Game da 5G, ba ni da ja. A Disambar 2021 MTN da Mafab suka ci gwanjon lasisinsa a kan dala miliyan 273.6 kowannensu, Airtel ya biyo baya, kuma ƙasa ba za ta tsaya jiran na baya ba kafin na gaba ya motsa. Sai dai alƙaluman hukumarka sun nuna cewa har cikin 2025 kusan layi 4 cikin 10 a kan 2G suke, masu 5G kuwa ba su wuce 'yan kaɗan cikin 100 ba. Mitar da aka sayar don 5G, ta megahaz 3,500, tana ɗaukar kaya da yawa amma ba ta nisa, ta dace da unguwa mai cunkoso. Mitocin ƙasa, irin su 700 da 800 da 900, su ne suke ratsa gonaki da bangon laka su kai ƙauye na gaba. Ingantawar da karkara ke bukata ita ce a ɗora 4G a kan waɗannan mitoci, a mayar da turaku kan hasken rana da batira masu riƙe caji don a rage jiran tanka, a kuma bar 2G da ransa, tunda ƙaramar waya mai tocila ita ce a hannun yawancin iyayenmu. Duk kamfanin da ya riƙe irin wannan mita, a ɗaura masa sharaɗin mazaɓun karkarar da zai kai ta da wa'adin da zai kai. In ya kasa, a karɓa a ba wani.

Hanyoyin ba sababbi ba ne. Akwai ƙananan turaku masu aiki da sola zalla, waɗanda kamfanoni irin su Africa Mobile Networks suka kafa a ƙauyuka da dama na ƙasar nan, wasunsu ma ta tauraron ɗan'adam suke haɗuwa, ba su jiran faiba. A 2025 kun amince masu layin 9mobile su riƙa hawa turakun MTN, MTN da Airtel kuma suka ƙulla yarjejeniyar raba kayan aiki. Tunda an nuna abin yana yiwuwa don amfanin kamfanoni, a yi shi don amfanin mutane: duk garin da turke ɗaya ne tak yake aiki, a wajabta masa karɓar kowane layi, a bar kamfanonin su yi lissafi tsakaninsu. Kiran 112 kuwa a tabbatar, ta hanyar gwaji a ƙauyukan kansu, cewa yana shiga ta kowane turke kuma akwai mai ɗauka da ke jin Hausa da Fulatanci da Kanuri.

Mun ji sanarwar gwamnatin tarayya a farkon 2025 ta gina turaku 7,000 a karkara, da shirin shimfiɗa faiba mai tsawon kilomita 90,000 da Minista Bosun Tijani yake jagoranta. Muna maraba. Amma mun kuma ga Tsarin Intanet na Ƙasa na 2020 zuwa 2025, wanda ya yi alkawarin yaɗuwar intanet mai sauri za ta kai kashi 70 cikin 100, ya ƙare a wajen kashi 50. Abin da zai bambanta wannan karo shi ne a buga sunan kowane gari da za a kafa wa turke tun kafin a fara, da sunan ɗan kwangila, da watan gamawa, da wanda zai ciyar da turken shekara biyar bayan an yanke ƙyalle. In ba a buga ba, mun san yadda rabo yake tafiya: garin mai baki a Abuja ya sami biyu, na marar kowa ya ci gaba da hawa dutse. Kuma kafin a kafa sabo, a fara tayar da wanda ya mutu, domin fili da shinge da ƙarfe duk suna nan, kuɗinsa bai kai na sabo ba.

Mu ma da namu laifin, ba zan ɓoye ba. Batiran da ake sacewa da man da ake zuƙewa ba aljanu ke yi ba, kuma akwai mai saye a cikin gari. Wasu gwamnatocin jihohi suna tsawwala kuɗin haƙa ramin faiba duk da yarjejeniyar naira 145 a kowace mita, wasu ƙananan hukumomi suna garƙame turke da kwaɗo saboda haraji, su jefa nasu mutanen cikin duhu. Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya tun 2020, wasu jihohin sun bi sahu, sauran a fito da sunayensu jama'arsu su tambaye su. Umarnin da Shugaban Ƙasa ya sa wa hannu a 2024, wanda ya sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa, abu ne mai kyau, amma babu isassun jami'an da za a girke a gindin kowane turke. Wanda zai tsare shi shi ne wanda yake cin moriyarsa. A damƙa amanarsa a hannun dagaci da masu unguwanni a gaban jama'a, a ɗauki 'yan garin gadi a riƙa biyansu a kan lokaci, a ja wuta daga solar turken zuwa ɗakin shan magani ko wurin cajin waya. Garin da ungozomarsa ke karɓar haihuwa da hasken turke ba zai zuba ido a kwance masa batir ba.

Zan yaba maka a kan abu biyu. A Mayun 2025 kun wajabta wa kamfanoni su sanar da jama'a in an sami babbar ɗaukewar sabis, su kuma biya diyya in ta wuce awa 24, kuka buɗe shafin da ake ganin rahoton. Kun kuma fara wallafa taswirar ƙarfin sabis tare da kamfanin Ookla. Wannan ita ce hanyar. Sai dai shafin yana intanet, kuma da Turanci. Wanda ba shi da sabis ba zai gan shi ba. Taswirar da aka gina da bayanan manyan wayoyi ba ta ganin garin da ƙananan wayoyi suka fi yawa. Lambar koke ta 622 ma sai da sabis ake kiranta. Rediyo kuwa ta kai ko'ina. A ba gidajen rediyon jihohi da Rediyon Tarayya na Kaduna rahoto kowane wata, a karanta shi da harsunanmu: ƙaramar hukuma kaza, turaku kaza, masu aiki kaza, wanda ya mutu ga dalili, ga ranar gyara. A buɗe hanyar da dagaci ko kansila zai kai koken gari a rubuce ofishinku na shiyya da ke Kano, a ba shi lamba, a ba shi amsa cikin wa'adi. Diyyar kuma kada ta tsaya ga wanda ya iya rubuta ƙorafi. Kamfani ya san layukan da suka saba hawa turken da ya mutu, ya mayar musu da kwanakin datarsu da suka ƙone ba tare da sun roƙa ba.

A ƙarshe, ranka ya daɗe, gani ya kori ji. Ka turo injiniyoyinka, ba da rakiyar kamfani ba, ba tare da an sanar da ranar zuwansu ba. Su zo da ƙaramar waya irin ta mutane da layukan duka kamfanoni, su zaɓi mazaɓu goma a kowace jiha daga cikin waɗanda taswira ta ce suna da sabis, su gwada kira ranar kasuwa, su sake gwadawa bayan isha'i. A yi wannan kafin damina ta sauka hanyoyi su yanke, a kuma buga abin da suka samo yadda yake, kowace mazaɓa da sunanta.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka.

Wassalam.

Naka mai fatan alheri,
Wani malamin makaranta daga yammacin jihar Katsina